Shin abin da muke gani shi ne abin da ido ya ɗauko?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa ƙwaƙwalwa tana sarrafa abin da ido ya ɗauko tun kafin mu ankara, har ta ƙara abin da babu, ta rage abin da akwai. Haka ne? In haka ne, ta yaya aka gano? Kuma da gaske ne ana iya ɓoye saƙo a cikin bidiyo ya juya tunanin mutum bai sani ba?

Amsa: Ɗan'uwa, farkon abin da ka ji gaskiya ne, kuma da takarda da biro za ka iya tabbatar da shi da kanka. Maganar ɓoyayyen saƙo kuwa an zuzuta ta fiye da ƙima, za mu zo kanta.

Mu fara da idon kansa. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske yake sauka a kai, likitoci suna ce masa ritina. Ƙwayoyin karɓar haske da ke cikinsa iri biyu ne: kimanin miliyan 120 masu aiki a duhu-duhu, da kimanin miliyan 6 masu tantance launi da ƙananan abubuwa da rana. Amma jijiyar da take kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, zaruruwan da ke cikinta ba su wuce miliyan 1 da 'yan kai ba. Ka ga ke nan tun a cikin ido aka tace bayanin, aka matse shi. Abin da ake turawa galibi bambanci ne: ga inda haske ya yi iyaka da duhu, ga inda wani abu ya motsa. Wurin da ido yake gani tar kuma ɗan mitsitsi ne, kusan digiri 2 na fagen gani, daidai faɗin babban yatsanka idan ka miƙe hannu gabanka. Kafa idonka a kan kalma ɗaya cikin wannan layi, kada ka gusar da shi, ka gwada karanta kalma ta biyar a gaba. Za ka san akwai rubutu a wurin, amma ba zai karantu ba. Duk da haka a ranka ji kake yi shafin gaba ɗaya a bayyane yake gare ka. Wannan jin, ƙwaƙwalwa ce ta haɗa maka shi.

Ga gwajin da na ce. Samo farar takarda, ka zana alamar tarawa a hagu, ka yi baƙin ɗigo kamar girman ƙwayar wake a dama, tsakaninsu santimita 8. Rufe idon hagu da tafin hannu, ka kalli alamar tarawar da idon dama. Miƙe hannu da takardar, sannan ka riƙa matso da ita a hankali. Idan ta zo kusan santimita 30 daga fuskarka, ɗigon zai ɓace ɓat. Ka ƙara matsowa ya dawo. Abin da yake hana gwajin yi wa mutane abu biyu ne: ko dai su saci kallon ɗigon maimakon su tsaya a kan alamar, ko su karkatar da takardar har alamomin biyu su daina zama a layi ɗaya. Dalilin ɓacewar shi ne, a daidai inda jijiyar gani take fita daga ido babu ƙwayar karɓar haske ko ɗaya. Wani malamin Faransa, Edme Mariotte, shi ya bayyana wannan gurbi a shekarun 1660. Yana kimanin digiri 15 daga tsakiyar gani ta wajen kunne, faɗinsa kusan digiri 5. Ba ƙaramin wuri ba ne: daga nisan mita 50, ƙaramar mota sukutum za ta shige cikinsa.

To, abin lura ba ɓacewar ɗigon ba ne, abin da ya maye gurbinsa ne. Ba ka ga rami ba, ba ka ga baƙi ba, farar takarda ka gani. Sake gwajin a kan takarda mai launi, launin ne zai cike wurin. Ja dogon layi a tsaye ya ratsa ta inda ɗigon yake, amma ka bar giɓi na santimita 1 a daidai wurin. Idan giɓin ya faɗa gurbin, layin a haɗe za ka gan shi. Ƙwaƙwalwa ta duba abin da ke kewaye, ta yi wa wurin faci da yadi iri ɗaya, yadda ƙwararren tela yake yi har mai riga ya kasa gano inda ta yage. Ba ta nemi izininka ba, kuma ko yanzu da ka san sirrin ba za ka iya hana ta ba.

Haka abin yake ta fuskar lokaci. Ido ba ya tafiya sululu idan kana duba abu, tsalle-tsalle yake yi, kusan sau 3 a kowane sakan. A lokacin tsallen, hoton da ke kan ritina yakan goge da gudu, kuma da za ka gan shi da jiri ya ɗebe ka. Ƙwaƙwalwa takan danne gani a wannan ɗan taƙi, ta haɗa abin da ya gabata da abin da ya biyo. Tsaya gaban madubi ka kalli idonka na dama, sannan na hagu, ka yi ta maimaitawa: ba za ka taɓa kama idanunka suna motsi ba, alhali wanda yake tsaye gefenka yana ganin motsinsu sarai. Wannan ne kuma ya sa idan ka waiwaya ka kalli agogon bango mai tsinken sakan, bugun farko yakan yi kamar ya daɗe a tsaye.

Bayan cike giɓi, sai babban aikin: kintace. Hoton da ke sauka a ritina shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da zurfi, kuma abubuwa daban-daban suna iya samar da hoto iri ɗaya. Ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa girmansu ɗaya a cikin ido. Farar takarda a inuwa da baƙar takarda a rana suna iya turo haske daidai wa daida. Dole ƙwaƙwalwa ta yanke hukunci bisa abin da ta saba da shi. Wanda ya fara shimfiɗa wannan bayani filla-filla shi ne Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alkahira wajen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manazir ya bayyana cewa haske da launi kaɗai ido yake riska kai tsaye. Nisa da girma da siffa kuwa sai da kwatanci da hukunci ake samun su, kuma saboda sabo hukuncin yana gudana da saurin da mai gani ba ya jin ya yi wani tunani. Bayan fiye da shekara 800, a 1867, Bajamushe Hermann von Helmholtz ya zo da magana makamanciyar wannan, kuma a kanta binciken zamani ya ginu.

Launi ne ya fi nuna wannan a fili. Ƙwaƙwalwa ba ta ba ka launin hasken da ya shigo ido, sai ta fara kintata irin hasken da ke wurin, ta cire shi, sannan ta ba ka launin da take ganin abin yake da shi. Shi ya sa farar riga take zama fara da hantsi, da la'asar sakaliya, da ƙarƙashin ƙwan lantarki, alhali hasken da take mayarwa ya sha bamban a lokutan uku. Gyaran ba ya cika ɗari bisa ɗari, musamman a ƙarƙashin fitila, kuma mai sayen atamfa da take fito da turmi bakin shago ta duba a rana tana da hujja. Hoton rigar nan da ya karaɗe intanet a Fabrairun 2015, wadda wasu suka ga fara da ruwan zinare, wasu suka ga shuɗiya da baƙi, duk daga nan ne. Hoton bai nuna irin hasken wurin ba. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka rigar a inuwa take sai ya ga fara, wanda tasa ta ɗauka hasken fitila ne mai ɗorawa ya haske ta sai ya ga shuɗiya. Ainihin rigar shuɗiya ce da baƙi. Babu wanda ya zaɓi abin da zai gani, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Duk wannan yana cin lokaci. Saƙo yakan isa cibiyar gani ta farko, wadda take can wajen ƙeya, cikin kusan milisakan 50 (milisakan shi ne kashi 1 cikin 1000 na sakan). A 1996 Simon Thorpe da abokan aikinsa a Faransa sun nuna cewa cikin milisakan 150 ƙwaƙwalwa ta riga ta bambanta hoton da ke da dabba da wanda babu. Amma gagarumin kunnuwar sassan ƙwaƙwalwa da take tafiya tare da mutum ya ce "na gani" sai wajen milisakan 300 take bayyana a ma'aunin lantarkin kai. Mota mai gudun kilomita 100 a awa ta ci kusan mita 8 a wannan taƙi.

Hujja mafi ƙarfi a ganina daga asibiti ta fito. A 1973 aka yi wa wani Bature aiki a Landan, aka cire masa wani ƙullin jijiyoyin jini a ɓangaren dama na cibiyar gani. A rubuce-rubucen bincike DB ake kiransa. Bayan aikin ya daina ganin mafi yawan abin da ke hagunsa. Lawrence Weiskrantz na Jami'ar Oxford da abokansa suka riƙa haska masa ɗigo ko sanda a ɓangaren da ya makance, suna cewa ya nuna wurin da yatsa, ko ya faɗi a tsaye sandar take ko a kwance. Ya ce ba ya ganin komai, suka ce ya canka kawai. Ya yi ta canka daidai, fiye da yadda sa'a za ta iya bayarwa nesa ba kusa ba, kuma da aka nuna masa sakamakon shi kansa ya yi mamaki. An buga wannan a 1974. A 2008 kuma Beatrice de Gelder da tawagarta suka ba da rahoton wani mai suna TN, wanda bugun jini sau biyu cikin 'yan makonni ya lalata masa cibiyar gani ta dama da ta hagu duka. Makaho ne mai yawo da sanda. Aka jera kwalaye da tarkace a wani dogon lungu na cikin gini, aka karɓi sandar, aka ce ya taka. Ya bi ta tsakaninsu yana kaucewa, har da raɓawa jikin bango, bai taɓa ko ɗaya ba, kuma bai san ya kauce wa komai ba.

Yadda hakan yake yiwuwa shi ne, hanya daga ido zuwa ƙwaƙwalwa ba ɗaya ba ce. Mafi yawan zaruruwan suna yada zango a talamus, wata tashar saƙonni a tsakiyar ƙwaƙwalwa, su wuce cibiyar gani ta ƙeya. Wani kaso kuma yana zuwa wani ɗan tudu a saman tushen ƙwaƙwalwa mai kula da juya ido da kai zuwa inda abu ya motsa, kuma akwai ƙananan hanyoyi da suke tsallake cibiyar farko su kai saƙo sashen da ke lura da motsi. Waɗannan suna iya tuƙa hannu da ƙafa ba tare da hoto ya bayyana wa mutum ba. Masana suna da saɓani a nan, kuma saɓanin yana da tushe: wasu suna ganin irin waɗannan majinyata suna da ɗan raunannen gani ne da suke ƙin kiransa gani. Amma ba a musun cewa ratar da ke tsakanin abin da suke iya yi da abin da suke cewa sun gani babba ce.

Akwai kuma DF, wata mata 'yar Sikotlan da iskar gas mai guba daga na'urar dafa ruwan wanka ta illata wa ƙwaƙwalwa a 1988. Gubar nan ita ce dai wadda take cikin hayaƙin janareta, abin da ya sa ba a kunna shi a ɗaki ko a rufaffen lungu. DF tana ganin launi, amma ba ta gane siffa. A nuna mata tsaga kamar ta akwatin wasiƙa a tambaye ta ina ta karkata, ba ta sani ba. A ba ta kati a ce ta zura, sai hannunta ya juya daidai tun kafin ya isa, ta zura shi tsaf. Daga nazarinta Melvyn Goodale da David Milner suka fitar da bayaninsu a 1992: hanyar da ta bi ta ƙasa zuwa wajen kunne ita ke gaya maka mene ne abu, wadda ta bi ta sama zuwa tsakar kai ita ke jagorantar hannu. Kai ma idan ka miƙa hannu za ka ɗauki kofi, yatsunka sun buɗe daidai faɗinsa tun a hanya, ba ka auna ba.

Yanzu ga ɓoyayyen saƙo. A ɗakin gwaji ana iya haska lamba na milisakan 40 da ɗoriya, a rufe ta gaba da baya da tarkacen haruffa, mutum ba zai gan ta ba. Stanislas Dehaene ya nuna a 1998 cewa idan aka ce mutum ya danna maɓalli ya faɗi ko lambar da yake gani ta haura 5 ko ta gaza, ɓoyayyiyar lambar da ta riga ta takan sa ya ɗan yi sauri idan sun dace, ya ɗan yi jinkiri idan sun saɓa. Tasirin gaskiya ne, amma bambancin bai kai kashi 1 cikin 10 na sakan ba, kuma yakan dushe nan da nan. Labarin da ya tsorata duniya na James Vicary ne, wani ɗan talla a Amurka da ya ce a 1957 ya ɓoye umarnin cin gugguru da shan Coca-Cola a cikin fim a wani gidan silima, ciniki ya tashi. Waɗanda suka gwada ba su samu haka ba, kuma a 1962 shi da bakinsa ya amsa cewa ba shi da bayanan da za su tabbatar da maganar. Tallan da kake gani ƙuru-ƙuru kullum ya fi ɓoyayye tasiri a kanka nesa.

Abin da ya fi cancantar damuwarka shi ne akasin haka: abu yana gabanka, idonka ya sauka a kai, amma bai iso ga saninka ba domin hankalinka yana wani wuri. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane ƙirga yadda 'yan wasa suke miƙa wa juna ƙwallo a bidiyo; wani cikin shigar goggon biri ya ratsa tsakiya, ya bugi ƙirji, ya wuce, kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba. A 2013 aka saka ɗan hoton goggon biri cikin hoton huhu aka ba ƙwararrun likitoci 24 masu neman ƙari. 20 ba su lura ba, kuma na'urar bin ido ta nuna da yawansu sun kalli wurin. A kan titi wannan shi ne direban da yake rantsuwa ya duba bai ga mai babur ba, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Mota yake nema, babur siriri ne, sannan abin hawan da zai yi karo da kai a mahaɗa yakan tsaya a kusurwa ɗaya a idonka yana girma a hankali, ba ya gilmawa, don haka gefen ido mai farkawa da motsi ba ya kama shi. Yana ma iya ɓuya bayan ƙarfen gefen gilashin gaba har ya iso. Maganin: kada ka share hanya da kallo ɗaya, domin gani a danne yake yayin da ido yake tsalle daga wuri zuwa wuri. Tsayar da ido a wuri uku kowane gefe, nesa da tsakiya da kusa, ka ɗan gusa kai gaba ko baya don leƙa bayan ƙarfen, sannan ka sake duba gefen farko kafin ka shiga.

Inda facin nan da ƙwaƙwalwa take yi ya fi cutarwa shi ne hawan jinin ido. Ciwon yana cin jijiyar gani a hankali, yawanci daga gefe, kuma mai shi ba ya ganin baƙin tabo. Ɗaya idon yana rufa wa ɗaya asiri, ƙwaƙwalwa tana cike sauran da abin da ke kewaye, sai dai yaro ko dutse ko matakala su ɓace daga wurin. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu cewa shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido, kusan mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da shi, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su kai 1 cikin 10 ba. Abin da ya tafi ba ya dawowa; magungunan ɗigawa da aikin leza da tiyata tsayar da ɓarnar suke yi. Don haka "ai ina gani lafiya" ba hujja ba ce. Wanda ya kai 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya je asibitin ido a auna ƙarfin ruwan idon, a leƙa kan jijiyar, a yi gwajin fagen gani. Awon ƙarfin kaɗai bai isa ba, domin wasu awonsu yana nuna tsakanin 10 da 21, adadin da ake ɗauka daidai, amma jijiyar tana lalacewa. A gwajin fage za a ɗora haɓarka gaban wani farin ƙoƙo, a rufe ido ɗaya, ka kafa ɗayan a tsakiya, ka danna maɓalli duk lokacin da ɗigon haske ya ƙyafta. Kada ka bi hasken da ido, kada ka danna bisa zato, kuma kada ka damu idan wasu sun wuce ka, an tsara shi ne ya kai ka iyakar ganinka. Na farko yakan fito da kurakurai, shi ya sa likita yake maimaitawa kafin ya yanke hukunci. A guji kuma sayen maganin ɗigawa mai sitiroyid don jan ido ko ƙaiƙayi ba da umarnin likita ba, yana ɗaga ƙarfin ruwan ido a wasu mutane.

Idan gani ya ragu sosai, wani lokaci ƙwaƙwalwa takan wuce cike giɓi ta shiga ƙirƙira. Charles Bonnet, wani masani ɗan Janeba, ya rubuta a 1760 yadda kakansa mai yanar ido yake ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine da babu su, alhali hankalinsa garau. Har yau ana samun haka a tsofaffi masu raunin gani: zane-zane a bango, ƙananan mutane, fuskoki, ba sauti, kuma mai ganin ya san ba gaske ba ne. Da yawa suna ɓoyewa don gudun a ce sun taɓu. Idan Baba ko Inna suka faɗi irin wannan, a kai su a duba idon, a gaya wa likita duk magungunan da suke sha. Ƙara hasken ɗaki, ƙyafta ido da sauri, ko kai ido dama da hagu na 'yan sakanni yakan kore hoton a wasu. Idan kuwa abin ya zo da ruɗewa, ko jin muryoyi, ko zazzaɓi, ko mutum ya wayi gari yana karo da ƙofa ta gefe ɗaya yana barin rabin tuwo a kwano bai gani ba, wannan na gaggawa ne, a kai shi asibiti a ranar, domin yana iya zama bugun jini a ƙwaƙwalwa.